Baba na so in zama ma'aikaciyar jinya, ni kuma zane nake so

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, a Funtuwa nake, bara na gama sakandare. Tun ina firamare nake zane. Yanzu da fensir da gawayi nake zana fuskokin mutane daga hotunan da suke turo mini ta WhatsApp, yawanci na amare ko na zagayowar ranar haihuwa. Ina karɓar naira 5,000 zuwa 7,000, kowane ɗaya kuma yakan ci mini kwana 3 ko 4. Wasu suna biya, wasu sai na gama su ce bai yi kama ba. Ina so in karanta zane a jami'a, amma Baba ya ce ba zai biya kuɗin makaranta don in koyi abin da ba ya ciyar da kowa ba, makarantar koyon aikin jinya yake so in shiga. Ga shi kuma wata malamarmu ta Islamiyya ta ce zana mai rai haramun ne, tun ranar gabana ke faɗuwa duk lokacin da na ɗauki fensir. Umma tana goyon bayana amma a ɓoye. Na haɗo miki hotunan zanena guda 6. Ki yi haƙuri da na ƙarshen, ɗakin kakata ne na zana a gurguje, bai yi kyau ba. Don Allah ki gaya mini gaskiya: ina da baiwar, ko yaudarar kaina nake yi? In haƙura ne in bi maganar Baba?

Mai neman mafita, Funtuwa

Wa alaikumus salam 'yata. Tunda gaskiya kika nema, bari in fara da zanen kafin in zo kan Baba.

Hannu kina da shi, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Yadda kika fitar da hasken da ke kan kuncin amaryar nan, da ninkin ɗankwalinta, da ƙananan ramukan leshin da ta saka, ba aikin wanda ya fara jiya ba ne, ba kuma aikin mai gajen haƙuri ba ne. Amma da na jera guda 5 na farko na dube su tare, sai na ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Dukkansu a wuya ko kafaɗa suka tsaya. Babu hannu ko ɗaya, babu wurin zama, bayan kowa fari fat. Inda wayar mai hoton ta goge fuska ta yi sumul, ke ma kin goge. Inda hoton ya yi duhu har kunne ya ɓace, naki ma ya ɓace. Wato duk shawarar da mai zane ke yankewa, ta ina haske zai shigo, me za a saka me za a bari, a ina idon mai kallo zai fara sauka, kyamara ce ta riga ta yanke, ke kuma kika bi ta sau da ƙafa.

Na shidan da kika ba da haƙuri a kansa shi ya fi tsayar da ni. Ƙafar gadon ta karkace, gaskiya ne, jeren kwanukan da ke cikin kabad kuma kamar zai zubo. Amma babu wanda ya turo miki wannan. Ke kika zauna, kika zaɓi inda za ki kalla, kika lura hasken da ke shigowa ta gefen labule ya sauka kan buta da darduma ya bar sauran ɗakin a inuwa, kika ce wannan nake so a gani. Karkatacciyar ƙafar gado ana gyara ta da koyon 'yan watanni. Gano abin da ya cancanci zane a ɗakin da kowa ke shiga yana fita bai lura ba, shi ne abin da malami ke shan wuya kafin ya dasa wa ɗalibi. Don haka ba yaudarar kanki kike yi ba. Kin dai rungumi ƙaramin ɓangaren baiwarki, kina ba da haƙuri a kan babban.

Kwafar fuska daga hoto kasuwa ce, ban musa ba, amma ƙuntatacciya ce kuma kullum ƙara tsukewa take yi. Yau manhajar waya da ƙirƙirarriyar basira suna mayar da hoto tamkar zanen fensir cikin daƙiƙoƙi, a kai wa mai wanke hoto ya fitar, a saka a firem. Mai sayen da ba ya bambancewa ba zai ga dalilin jiranki kwana 4 ba. Ki yi lissafin da kanki: naira 6,000 a kwana 4, naira 1,500 ke nan a yini, ba a cire takarda da fensir da data ba, ba a cire waɗanda suka ce bai yi kama ba. In wannan Baba yake kallo yake cewa abin ba ya ciyar da kowa, to bai yi ƙarya ba, kuma gara ki yarda da haka tun kafin ki durƙusa a gabansa.

Sai maganar da ta hana ki sukuni, wadda a wurina ta fi komai nauyi a wasiƙarki, domin wanda ke aiki yana zargin Allah na fushi da shi ba ya jin daɗin aikin, ba ya kuma ci gaba a ciki. Malamarki ba ƙagowa ta yi ba. Akwai ingantattun hadisai a Bukhari da Muslim da suka yi kakkausan gargaɗi ga masu suranta abu mai rai, kuma malamai da yawa, na da da na yanzu, sun ɗora su a kan duk wani zanen mutum ko dabba da aka yi da hannu. Malaman Malikiyya kuwa, mazhabar da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar nan, sun rarrabe: abin da suka haramta shi ne sura cikakkiya mai jiki da inuwa, irin gunki, zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle kuma suka ajiye shi a matsayin makaruhi ko saɓa wa abin da ya fi. Tsohon saɓani ne, ba a wannan fili za a yanke shi ba, kada kuma ki bari masu sharhi a Facebook su yanke miki. Ki roƙi Baba ya kai ki, ko ya tambayo miki, wurin malamin fiƙihun da shi kansa ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa. Ki faɗi ainihin abin da kike yi ba tare da ragi ba. Abin da zuciyarki ta natsu a kai bayan kin ji hujja, ki tsaya a nan, ki daina aiki cikin fargaba.

Akwai dai abin da kowa ya yarda da shi. Wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce masa da yin hotuna yake ci. Ibnu Abbas ya faɗa masa gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ko a kan fatawa mafi tsanani ke nan, ba a ce ki ajiye fensir ba. Fage ɗaya aka rufe miki, kuma shi ne wanda na riga na gaya miki ya fi ƙunci.

Yana ɓata mini rai in ga yaranmu sun ɗauka zane baƙo ne a ƙasar Hausa, sai an leƙa YouTube an ga Bature na zana ƙwayar ido sannan aka ga fasaha. Ki tuna allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, yadda ake raba shi gida-gida, da'ira cikin murabba'i, da jan tawada da ɗorawa da kore, babu layin da ya faɗo a banza. Ki dubi babbar riga mai aska takwas. Kafin allura ta taɓa ta, akwai wanda ya shimfiɗa yadin ya zana askakin da alƙalami, aka biya shi, sannan maɗinki ya bi. Haka hula: matan da ke ɗinka ta a cikin gidaje zanen wani suke bi. Ga zanen ƙwarya, ga aikin dukawa a kan fata, ga faifai da tabarma, ga ƙunshin amare da ƙawayenki ke karɓar kuɗi a kai duk mako. Ga fuskokin gidajen cikin birnin Zariya da Kano da Damagaram, da dagi da zankwaye. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau masu karatun tsara gine-gine suna nazarin bakan gizon da ya ɗaura a ciki. A Ƙofar Mata ta Kano, marina na ɗaure yadi su tsoma a baba ya fito da zane iri-iri. Duk wannan aikin ido ne da hannu, kuma ba a taɓa jin kunyar cin abinci da shi ba.

Ba cewa nake ki bar kwafar fuska ki koma kwafar dagi ba. Dagi ya zama ruwan dare, kowane katin biki da kowace rigar ƙungiya an manna shi, galibi ba tare da tunani ba. Abin da nake so shi ne ki koyi yadda masu wannan aiki ke tunani. Ki nemi mai zanen hula a garinku, ki je da ƙaninki ki zauna kusa da shi, ki ga daga ina yake fara layi, yadda yake maimaita gida ɗaya ya zagaye hular ba tare da an ga mahaɗa ba, da dalilin da ya sa yake barin wani wuri fili. Ki kwashe zanen tsofaffin ƙore da faya-fayan gidanku a littafi, ki tambayi tsofaffi sunan kowanne, domin da yawa suna da suna. In kin fahimci ƙa'idar, sai ki fara karya ta da gangan ki ga abin da zai fito. Daga nan naki yake farawa.

Wasu sun bi wannan hanya kafin ke, kuma kusa da ke suka bi ta. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, suna koyar da su kamar a Landan ake. Ba su ƙi karatun ba, sun koye shi sarai, amma suka dage sai kowa ya haɗa shi da abin da ya gada. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai. Waɗannan samari su ne daga baya suka zama manyan masu zanen Najeriya. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne yawancinsu daga kudu suka zo, suka koma suka haƙo nasu, mu da aka yi abin a ƙofar gidanmu har yau ba mu taɓa namu yadda ya kamata ba, balle a ce matanmu.

Wanda ma ya fi kama da halinki shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya je Landan ya karanta zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje kolin aikinsa, mutanen garinsa ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya waiwayi abin da ke rataye a ɗakunansu, wato rubutun Larabci da adon kayan gida, ya fara warware haruffa yana fitar da siffofi daga cikinsu. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya shirya nunin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Ki nemi hotunan aikinsa a intanet ki daɗe kina kallo.

Yanzu aikin yau da gobe. Ki sayi littafin rubutu mai araha, wanda ba za ki ji ciwon ɓata shi ba, ki riƙa zana abin da ke gabanki na rabin awa kullum, ba daga waya ba. Buta, turmi, kujera 'yar tsugunno, injin markaɗe, keken ƙaninki a jingine, lungun gidanku da yadda yake tsukewa in ya yi nisa, bishiyar darbejiya da safe da kuma ita ɗin dai da la'asar. Da biro za ki yi, don kada ki samu damar gogewa. Mai gogewa gyara yake koya, wanda ba ya gogewa dole ya kalla da kyau kafin ya ja layi. Ki rubuta kwanan wata a kowane shafi. Watan farko za ki ga kamar baya kike komawa, zanen zai yi muni fiye da na amaren, kada wannan ya karya miki gwiwa. Ki fara taɓa launi ma, ko da fentin ruwa na 'yan makaranta ne, don duk abin da kika turo baƙi ne da fari. Sannan ki nemi wanda zai gaya miki inda kika kauce, malamin zane na wata sakandare ko ɗalibin da ya yi nisa. "Masha Allah" ɗari a Instagram suna da daɗi, amma ba sa gyara ƙafar gado.

Game da karatu, kada ki je wa Baba da kalmar "zane" kawai, domin shi abin da zai hango yarinya ce da fensir a bakin titi. A Jami'ar Ahmadu Bello, cikin tsangayar da ta haɗa masu karatun tsara gine-gine da tsara birane, akwai sashen fasahar zane, inda ake karanta zanen fenti da sassaƙa da tarihin fasaha da koyar da ita. Akwai kuma wani sashe daban na tsara kayan masana'antu, inda ake koyon zanen yadi da atamfa, da zanen ɗab'i da talla, da tangaran. Na fi hango ki a na biyun. Dalili na farko, ya fi kusa da abin da ake saye kullum. Na biyu, ɗaliban sashen zane kan taɓa kowane fanni a shekarun farko, har da zana mutum a zaune da gina sura da yumɓu, wanda ya kamata ki sani tun yanzu tunda kina da damuwar da kika faɗa. Ki tambayi kowane sashe abin da ake yi a aji ɗaya da aji biyu, ki kuma duba kundin JAMB ki ga darussan da kowanne ke nema, don ba ɗaya ba ne. In jami'a ba ta samu ba, kwalejojin ilimi da dama suna ba da NCE a fannin zane cikin shekara 3, kuma darasin fasaha da al'adu yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, dole wani ya koyar da shi. Kwalejojin kimiyya da fasaha ma wasu suna da sashen.

Ina masu irin wannan karatu ke samun abinci? Ba a ɗakin gwanjo na Landan ba. Za ki ji ana ba da labarin zanen Ben Enwonwu, shahararren mai zanen Najeriya, da aka sayar fam miliyan 1.2 a 2018. Gaskiya ne, amma a farkon shekarun 1970 ya zana shi, ya rasu a 1994, kuɗin bai shiga aljihunsa ba. Kada ki gina rayuwarki a kan irin wannan labari. Abincin yana wurin mai turaren wuta da humra da ke neman tambari da takardar mannawa a kwalba, da mai yajin daddawa da ke so kayanta su shiga kanti, da marubuciyar da ke neman bangon littafi, da maɗaba'ar da ke buga littattafan yara, da tela mai keken surfani na kwamfuta da ke buƙatar sabon zane duk sallah, da mai gidan da ke son a ƙawata masa falo da rubutun Larabci. Ki zaga kasuwa ki dubi kwalaben turaren da matanmu ke haɗawa: kaya masu kyau, takardar jikinsu kuwa an ɗauko ta a intanet, iri ɗaya a kan kowa. Duk wannan sai da kwamfuta ko waya mai ƙarfi, don haka ribar fuskokin da kike yi yanzu, in kin ci gaba da su, ta tafi can. Masu ajiye manyan zane su kai baje koli a Legas ko Abuja, da yawansu koyarwa ko irin wannan aikin ne ke riƙe da su, kuma babu kunya a ciki.

Kafin nan, ki gyara yadda kike ciniki, don abin da ake yi miki zalunci ne kuma ke kika bar ƙofar a buɗe. Kada ki ja layi ko ɗaya sai an ba ki rabin kuɗi kafin alƙalami. Ki rubuta a saƙo girman aikin, da ranar gamawa, da cewa gyara sau 2 ne, wanda ya wuce haka da kuɗinsa, mai aikin ya amsa "na yarda" ki adana. Ki nuna masa zanen farko tun bai yi nisa ba, in akwai "bai yi kama ba" a faɗa a nan. In kin gama, hoto maras ƙarfi za ki tura da sunanki a gicciye, ainihin aikin sai cikon kuɗi ya shiga, kuma a asusunki za ki duba da idonki, ba hoton alat da aka turo miki ba, don na bogi sun yi yawa. Farashi kuma ba daga kai ake yanko shi ba: kuɗin kaya, da awannin da kika zauna, da ɗan abin da zai maye kayan aiki in sun ƙare. Firem kuɗinsa daban. 'Yan'uwa da ƙawaye, ki yanke tun yanzu aiki nawa za ki yi kyauta a shekara, in ya cika ya cika.

Abubuwa biyu kuma da ba na wasa ba. Duk baƙon da ya shigo miki a Instagram yana yabon aikinki, ya ce zai saya da dala amma sai kin fara biyan kuɗin rajista ko na buɗe wani asusu, ɗan damfara ne, ki toshe shi. Kuma kada ki kai wa kowa aiki ke kaɗai, gida ko otal ko ofis. A zo a karɓa a ƙofar gidanku, ko yayanki ya kai, ko a ba da saƙo a tasha. Fuskar amarya ko matar aure kuma kada ki ɗora ta a shafinki sai da izininta a rubuce. Ta ɓangarenki, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, tana kare zanen da kika ƙirƙira tun daga lokacin da kika yi shi, ba sai kin yi rajista ba. Ki riƙa sa hannu da shekara a kowane aiki, ki ajiye zanen farko. In kamfani ko mai shago na so ya buga zanenki a kan kaya dubu, wannan ciniki ne daban da sayen takarda ɗaya.

To, Baba. Ki fara da yi masa adalci a zuciyarki. Uban da ya ce zai biya wa 'yarsa makarantar jinya ba uban da ya ƙi ta da karatu ba ne, akwai 'yan mata da yawa a garinku da ko wannan ba su samu ba. Abin da yake hangowa a jinya na gaske ne: albashi, aikin da za ki samu a duk garin da aure ya kai ki, mutunci, da lada. Wataƙila akwai kuma abin da bai furta ba, tsoron irin mutanen da zai ga kin shiga cikinsu da abin da za a ce a majalisa. Kuka da "burina ne" ba za su amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da zai amsa su shi ne littafin lissafi na 'yan watanni, da ya nuna me ya shigo me ya fita, da aiki biyu ko uku da kika yi wa masu sana'a da ya sani, da sunan kwas da shekarunsa da kuɗinsa da inda waɗanda suka gama suke aiki. Batun malami kuma ke ki fara kawo shi, kada ki jira ya ji a waje. Uba in ya ga 'yarsa ce ta fara damuwa da halal da haram, rabin tsoronsa ya tafi.

Goyon bayan Umma a ɓoye ba zai kai ku ko'ina ba, kuma ranar da ya fito zai zama kamar an haɗe masa kai. Ki roƙe ta ta yi magana a fili, cikin ladabi, a lokacin da ta san yana da sakin fuska. In akwai baffa ko kawu ko aminin da yake jin maganarsa, a sa shi ciki. Abin da za ki nema a zaman farko ƙarami ne: ya yarda ku je Samaru ta Zariya, inda jami'ar take, ku ga sashen, ku gaisa da malamai, ya ga 'yan mata da hijabansu a gaban masaƙa da kwamfuta. Funtuwa zuwa Zariya tafiyar safe ce a dawo da yamma, gani kuma ya kori ji. In hira ta yi daɗi, ki nuna masa bayan takardar naira 20. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane a wurin 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta tun kafin Turawa su san ta. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tangaran da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan, kuma a 1977 wannan jami'a ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa.

Yana iya jin duk wannan ya ce a'a. In haka ta faru, ban ba ki shawarar ki yi fito-na-fito da shi ba, ba kuma zan ce miki ba asara ba ce. Makarantar jinya da aikin dare suna cin lokaci da ƙarfi, da yawa cikin masu cewa "zan koma daga baya" ba sa komawa. Wadda ke komawa ita ce wadda ba ta taɓa ajiye littafin nan na rabin awa ba, ko ranar jarrabawa ta rage shi zuwa minti 10. In kin shiga jinya ki shiga da gaske, rayukan mutane ne, ba wurin jiran wani abu ba. In kuma kin san ba kya iya ganin jini ko jure majinyaci, yanzu za ki faɗa wa Baba, ba bayan ya biya kuɗin shekara ba. A can ma idonki zai yi aiki: ki dubi fostocin da ke manne a asibitocinmu kan shayarwa da haɗa ruwan gishiri da sukari da alamomin haɗari ga mai ciki, ki ga nawa ne macen da ba ta yi boko ba za ta gane da kallo ɗaya. Wadda ta san jinya, ta san Hausa da ajami, ta kuma iya zane, tana da abin da za ta gyara a nan. Da albashinki kuma za ki sayi kwamfutar da kanki.

Duk wanda ya zo neman aurenki, ki nuna masa aikin tun ana zance, ki ji ta bakinsa a gaban manya, kada ki bari sai an kai ki ɗaki.

A farkon shekara ake sayar da fom na JAMB, kuma darussan da za ki zaɓa sun dogara da kwas ɗin da aka tsayar. Don haka tambayar malami, da littafin lissafi, da tafiyar Samaru, duk su kammala kafin lokacin, ki fara da maganar Umma a wannan makon.